Zauren Roda a Bakin Rumbu

Nuvurak, Litinin ta ƙarshen Janairu

Innata Kivvak,

Yau na tashi da sauƙi. Tarin ya bar ni na yi barci, sai dai gwiwar hagu ce har yanzu ta ƙi mu shirya. Jiya rana ta leƙo a karon farko tun watan Nuwamba, ja kamar garwashi, ta ɗan tsaya a bakin teku ta koma. Na fita na gaishe ta. Ina fata kina lafiya, kuma abincin Fairbanks bai ramar da ke ba.

Kada ki ce in kira ki a waya. Kunnen nan ba ya jin komai a cikinta sai kukan iska. A makarantar kwanan da aka kai mu muna yara an hana mu harshenmu, amma an koya mana rubuta wasiƙa, to bari in mori abin da na samo. Tun ranar da yayana ya sa miki sunan mahaifiyarmu, ke jikarsa kika zama uwata, kuma ɗa idan abu ya dame shi wurin uwarsa yake kai kuka.

Maganar rumbun ajiyar nama ce, wanda Baba ya haƙa a cikin daskararriyar ƙasa tun kafin a haife ni. Ni yanzu tsanin ya fi ƙarfina. Waldo, ɗan ƙanen marigayiya Roda matata, wanda na miƙa wa kwalekwalena da mutanena, shi ya sauka makon jiya. Da ya fito sai ya zauna kusa da ni.

Ya ce, "Kawu, bangon can ya yi laushi. Na danna da yatsa, yatsan ya shiga."

Na ce, "Yatsanka ne da zafi, kullum yana manne da kofin shayi."

Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini wani yankin nama. Ban ma kai shi hanci ba na ji. Ya ce ruwa ya shiga lokacin narkewar ƙanƙara bara, ya kwanta a ƙasa, naman da ke jingine da bango ya lalace. Daga nan ya kawo maganar kwantenar nan mai firiza da majalisar ƙabila ta ajiye a bayan ofis. Wai idan aka zo share rumbu a watan Afrilu bango bai daskare ba, agvik na bana, ƙaton kifin tekun da muke farauta, a kwantena za a sa shi.

Inna, kin san abin da aka koya mana. Babban kifin nan ba kama shi ake yi ba, shi yake ba da kansa, kuma tun yana cikin teku yake duba gidan da za a sauke shi. Shi ya sa ake kwashe tsohon nama a rabar, a kankare bango, a shimfiɗa sabuwar dusar ƙanƙara. Wane baƙo ne zai yarda a sauke shi a akwatin ƙarfe mai gurnani? Ban ga laifin Waldo ba, bakin mutanen gari duka yana wuyansa. Amma ni ba na so a rufe rumbun nan ina da rai.

An ce abin da kike koyo ke nan, yadda ake kula da ƙasa da ruwa a garuruwa irin namu. To ga ƙasa tana ciwo a ƙofar gida. Ki zo ki duba ta.

Sauran labari babu yawa. Kullum bayan na karya ina zuwa zauren Roda in zauna, wanda na gina mata da katako a bakin rumbun shekarar da hannuwanta suka fara ciwo, don kada ta riƙa tsayawa cikin iska tana jawo nama. Bencinta yana nan, da ƙugiyarta, da safar hannunta a jikin ƙusa. Bana tudun dusar da iska ke tarawa a bayan zauren ya kai rufi. Karen Waldo ya haƙa rami a gindinsa, can yake kwana, ya yi ƙiba kamar ɗan majalisa.

Ɗanki tsoho,
Enok

*

Fairbanks, tsakiyar Fabrairu

Aapa, kakana kuma ɗana mai taurin kai,

Wasiƙarka ta same ni lafiya. Ka gaishe mini da gwiwar hagu, ka ce mata uwarka ta ce ta shiga hankalinta. Kana shan maganin tarin kuwa, ko yana kan taga yana kallonka? Ban rame ba. Man dabbar teku da Lela matar Waldo ta ɗura mini a kwalba yana nan, kuma duk ranar da na buɗe shi sai abokiyar ɗakina ta tuna tana da aiki a waje.

Da ka ga ajinmu da ka yi mamaki. An tara mu daga ƙabilu iri-iri. Akwai wani daga hamada, tumakinsu suna shan rijiyar da tsohuwar ma'adina ta ɓata. Akwai wata daga ƙasar tafkuna, ita shinkafar dajinsu ce take mutuwa. Kowa da ciwon garinsu. Ana koya mana ɗibar ruwa don gwaji, da abin da za a yi idan tankin mai ya fashe, da yadda ƙabila za ta rubuta ta nemi a turo mata ƙwararru. Ashe ƙofofin taimakon suna da yawa, mu ne ba mu san inda ake bugawa ba.

Yanzu ka saurara, ina da albishir. Malamarmu injiniya ce, aikinta ke nan daskararriyar ƙasa. Na karanta mata wasiƙarka. Da na zo wurin tudun dusa sai ta ɗaga hannu ta ce in tsaya. Ta tambaye ni ta wane gefe cikin rumbun ya miƙa a ƙarƙashin ƙasa. Na ce yamma, bayan zauren. Ta ce to a nan matsalar take. Zauren yana tare iska, iska tana zube dusa daidai kan rumbun, dusar ta lulluɓe ƙasa duk tsawon lokacin sanyi, sanyin da ya kamata ya ratsa ƙasa ba ya ratsawa. Idan ta narke kuma ruwan ya bi bango ya sauka. Da can ƙasa tana iya jurewa, amma yanzu shekarun sun yi ɗumi.

Ka ga ashe abin mai sauƙi ne! A cire zauren kawai. Tsohon katako ne, Waldo zai gama da shi kafin shayinsa ya huce. A kwashe tudun, a riƙa buɗe murfin rumbu a ranakun da sanyi ya tsananta. Na riga na aika wa majalisa bayani ta kwamfuta don su taimaka da mutane. Ga ma'aunin sanyi na saka a cikin kwalin nan, da igiyarsa, ka riƙa zura shi daga sama. Kada in ji ka taka tsanin nan.

Kwas zai ƙare farkon Mayu, malamar ta yarda mu taho tare ta ga rumbun da idonta. Ana kiran mu aji, sai na sake rubutowa.

Uwarka,
Kivvak

*

Nuvurak, Lahadi ta farkon Maris

Malama Dorin,

Tunda da sunan ofis kika rubuta wa majalisa, bari ni ma in kira ki da sunan da ke kan takardunki. Lafiyata ba abin da zai ɗauke hankalin ma'aikata ba ne.

Saƙonki na kwamfuta ya riga wasiƙarki isowa da nisa. A bakin coci na ji, daga bakin matan da ke ɗaura wa jikokinsu hula, wai za a rushe zauren Roda, wai Fairbanks ce ta ce. Na ce ƙarya ne. Na ce Innata ba za ta yi haka ba ta faɗa mini ba. Sai ga kwalinki, na karanta da idona: tsohon katako ne.

Na daɗe ina ganin masu saukowa daga jirgi da takarda a hannu suna gaya mana abin da ya tsufa. Sun ce harshenmu ya tsufa. Sun ce ɗakunan ƙasa da aka haife mu a ciki sun tsufa. Duk da murmushi suke faɗa, kuma duk don amfaninmu. Ban taɓa zaton zan ga wannan magana da rubutun hannunki ba.

Katakon nan daga bakin teku na tsinto shi ɗaya bayan ɗaya, Roda tana riƙe mini ina buga ƙusa. A gidan nan babu inda na fi jin tana kusa kamar can. Na gaya wa Waldo duk wanda ya taɓa zauren, da ni zai haɗa ya ja.

Ma'auninki yana cikin kwalinsa. Idan na gwamnati ne ki faɗa a mayar.

Enok

*

Fairbanks, ƙarshen Maris

Aapa,

Guguwa ta tsare jirgin wasiƙu, sai jiya takardarka ta iso. Duk kwanakin nan ina ta murna ina cewa yanzu an kwashe tudu, ashe kai kana can da wannan a ƙirji. Na kira Lela, ta ce ka kwanta a asibitin gari da zazzaɓi, kuma ka hana a gaya mini. Yaya jikin yanzu? Ka ci wani abu mai zafi kafin ka ci gaba da karantawa.

Na karanta "Malama Dorin" a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na kasa hawa bene. Na yi laifi biyu. Na bar ka ka ji a bakin coci, kuma na kira shi tsohon katako. Murna ce ta ɗebe ni da na ji rumbun zai iya rayuwa, na rubuta kamar mai cika takardar jarrabawa. Ka yafe mini.

Kana zaton na manta zauren? A kan bencin nan kakata Aaka Roda take ɗora ni a cinya, ta yanka mini maktak ƙanana-ƙanana, baƙar fatar agvik da kitsenta, tana cewa, "Ci, surukata, kada ɗanki ya ce na bar ki da yunwa." Kai kuma kana can ƙasa kana ihu a jawo igiya, ita tana yi kamar ba ta ji ba sai ta gama ba ni. Ni ma can nake jin ta.

Amma ba zan ce maka a bar shi a wurin ba, domin ƙarya zan yi maka. Idan ya kwana a nan wata shekara, rumbun zai tafi. Kada ka yarda don ni na faɗa, kada ka yarda don injiniya ta faɗa. Je ka tambayi karen Waldo abin da ya sa duk faɗin garin nan ya zaɓi gindin tudun yake kwana.

Ga abin da ya kamata in rubuta tun farko. Ba rushewa ba, matsarwa. A sa masa katako biyu a ƙasa kamar abin jan kaya a kan dusa, a ja shi zuwa yammacin gidanka, inda tudunsa ba zai dami kowa ba. Za ka riƙa ganinsa ta tagar kicin. Ban yi maka alkawarin zai isa lafiya ba, ya daɗe a daskare a wuri ɗaya. Ban kuma yi maka alkawarin bango zai gama warkewa bana ba. Abin da na sani shi ne sanyi mai ƙarfi ya kusa ƙarewa, kuma kowace safiya da tudun ya ƙara a wurin asara ce. Kada ka jira ni.

Zaure naka ne, rumbu naka ne. Na sake rubuta wa majalisa cewa babu mai taɓa ko ƙusa sai ka ce.

Ina nan tafe farkon Mayu. Abu ɗaya ne zai iya tsare ni: an gaya mana idan ƙanƙarar koguna ta ɓalle da ambaliya, mu da muka gama horo za a fara turawa. Ka yi addu'a kogunan su yi haƙuri.

In ka ga dama ka ci gaba da kira na Malama. Ni dai ban sauka daga uwa ba.

Kivvak

*

Nuvurak, Alhamis, makon farko na Afrilu

Innata,

Zazzaɓin ya tafi ya bar mini rauni a ƙafafu, amma ina cin abinci. Lela tana kawo mini romon barewar daji, ta tsaya a kaina har sai ta ga ƙasan kwano.

Na je na tambayi karen. Na durƙusa da kyar, na kore shi, na jira ɗuminsa ya fita, sannan na cire safa na zura hannu har kafaɗa na dafa ƙasa. Daga nan na tafi can fili inda iska ke sharewa na dafa. A fili ƙasa ta cije ni kamar ƙarfe, a gindin tudu kuwa ko tsikar jikina ba ta tashi ba. Ni da na taɓa haƙa rami a dusa na kwana cikin guguwa na tashi da raina, ni za a koya wa cewa dusa bargo ce? Na sani sarai. Ban dai taɓa juyawa na dubi bayan zauren da wannan ido ba, kullum ƙofarsa nake kallo.

Lela ta same ni a durƙushe. Ta ce, "Kawu, addu'a kake yi ko kare kake wa ƙwace?"

Na ce, "Kira mini mijinki, ki ce ya zo da igiya."

Sun zo ranar Talata, shi da mutanen kwalekwale, da babura biyu na kan dusa. Na kwashe safar Roda da ƙugiyarta na sa a aljihun riga, Lela ta fitar da benci. Suka sassare ƙanƙarar gindin, suka cusa katako, suka ɗaura.

Waldo ya ce, "Kawu, ka shiga gida, ba sai ka gani ba."

Na ce, "Lokacin da na gina shi kana yawo ba wando. Ja."

Ya ja. Zauren ya yi ƙara, ya motsa, ya taho kamar tsohuwar da aka tayar daga barci. Har na fara murna. Da aka zo kwanar gida sai bangon baya ya buɗe, rufin ya zauna a kansa, sauran suka bi. Babu wanda ya ji ciwo. Aka kashe babura, kowa yana kallon takalminsa.

Sai na ji bakina yana cewa, "Dama ta sha gaya mini bangon nan a karkace na buga shi." Lela ta fashe da dariya tana share hawaye, sauran suka samu hanya suka bi ta. Ni na shiga gida, ban fito ba sai washegari.

Katakon yana jingine a bayan gida. Waldo ya ce zai sake haɗa shi idan an dawo daga teku. Na ce to, amma na ga yadda ya ruɓe ta ciki.

Sun kwashe tudun har ƙasa, sun yi wa bakin rumbu sabon murfi mai kwanciya, wanda iska za ta bi ta kansa ta wuce. Kwanakin nan sanyi ya dawo da ƙarfi kamar an aika masa. Da safe ina buɗe murfin, in zura ma'auninki. Jan layin yana sauka kaɗan-kaɗan. Ban ce komai ga kowa ba tukuna.

Ki taho da rigar kirki, ba irin ta 'yan birni ba.

Ɗanki,
Enok

*

Nuvurak, Juma'a ta farkon Mayu

Innata Kivvak,

Yau numfashin yana ɗan yi mini gardama, sai na huta sau biyu tsakanin gida da rumbu. Ban da wannan lafiya lau. Rana ta kusa daina faɗuwa, tsuntsayen dusa sun dawo suna ta surutu a kan rufi.

An share rumbu. Waldo ya sauka da kansa, muna sama muna jira, ya daɗe har Lela ta leƙa ta ce, "Ko ka samu wata matar a can ne?" Sai muka ji ƙwas, ƙwas, yana dukan bango da bayan gatari. Da ya fito gashin bakinsa ya yi fari.

Na ce, "Yaya yatsan?"

Ya ce, "Ya kusa karyewa, Kawu."

Ya ce kusurwar yamma ba ta gama ba, a can ba za a jingina komai ba sai malamarku ta gani. Amma sauran ya yi tauri. Ya tsaya yana kakkaɓe safa, sannan ya ce wa mutanensa, ba ni ba, "A nan za a sauke baƙon." Kwantena kuma a bar wa makaranta ta sa kajinta.

Aka fito da tsohon nama mai kyau aka zaga da shi gida-gida. Lela da mata suka yanko sabuwar dusa daga nesa, inda ko sawun kare babu, suka shimfiɗa. Na leƙa daga sama. Fari fat, sanyi yana tasowa yana dukan fuska, da ƙamshin nan da na sani tun ina riƙe da gefen rigar mai sunanki. Yanzu suna can bakin ƙanƙara da kwalekwale, suna jira. Ko baƙon zai zo bana, shi ya sani. Gida dai a share yake.

Daga maktak ɗin da aka raba na ɓoye miki yanki mai kyau. Na yanka shi ƙanana-ƙanana tun jiya, ko da yake hannuna bai kai na Roda ba. Bencinta na sa an mayar mini bakin rumbu. Babu bango, babu rufi, iska tana yin yadda ta ga dama da ni. Daga nan ana hango filin jirgi, abin da ban taɓa sani ba, domin da bango ya tare.

Can na zauna yau tun safe da safarta a hannuna. Da na ji ƙarar jirgi na miƙe tsaye. Ya sauka, aka fito da kwalayen kanti, da buhun wasiƙu, da malamin makaranta da ya je cire haƙori. Na ci gaba da tsayawa har aka rufe ƙofa ya tashi.

Da yamma Lela ta zo ta ce kin kira. Wai kogi ya ɓalle a wani gari can kudu, ruwa ya ɗaga tankin mansu, an kwashe ku an tura. Ta ce kina ta kuka a waya. Kada ki yi. Su ma suna da tsofaffi, kuma don irin wannan rana aka koya miki. Ki sa safa biyu, ruwan narkewa ya fi ƙanƙara mugunta.

Rumbu zai jira ki, yanzu ya iya jira. Ni ma zan yi iyakar ƙoƙarina.

Na mayar da maktak ɗinki cikin sanyi. Kofin da na fitar miki yana kan tebur, ban ɗauke ba. Lela ta ce akwai wani jirgin ranar Talata.

Ɗanki da ya jira ki yau ba ki zo ba,
Enok